Ɗana ya yi wata huɗu bai fara juyawa ba, ko akwai matsala?

Tambaya: Likita, na haifi ɗana ciki yana mako 35, nauyinsa kilo 2.3. Yanzu watansa 4, kilo 5.4. Yana murmushi, yana bin mu da ido, amma bai fara juyawa ba, wuyansa ma bai gama tsayawa ba. Ni da ƙanwata wata ɗaya muka haihu, amma 'yarta tuni take mirginawa, kuma ta fi shi ƙiba nesa ba kusa ba. Ga kuka da yamma, ga dalalar miyau. Shin ya makara ne? Me ya kamata in gani a wannan lokaci?

Amsa: Malama, sannu da hidima, Allah ya raya mana shi. Daga abin da kika zayyana ban ga abin tayar da hankali ba. Sai dai ban ga yaron ba, ban ɗaga shi ba, don haka abin da zan iya shi ne in ba ki ma'aunin da muke aiki da shi, ki duba da idonki, ki kuma san abin da za ki tambaya ranar awo.

Lissafin watannin za mu fara gyarawa. Cikakken ciki mako 40 ne, kuma duk jaririn da ya zo kafin mako 37 bakwaini ne a wajenmu, ko da bai yi ƙanƙantar da mutane ke zato ba. Naki ya riga lokacinsa da mako 5. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba ruwansu da ranar haihuwa, jadawalinsu suke bi tun daga shigar ciki, kuma fitowa da wuri ba ta sa su sauri. Wata 4 kusan mako 17 ke nan. A cire 5, saura 12. Wato ɗan wata 3 ne a hannunki, shi ma bai gama cikawa ba. Idan cikin ƙanwarki ya isa lokacinsa, to 'yarta ta girme shi da fiye da wata guda, kuma wata guda a wannan mataki tafiya ce mai nisa. Ana yin wannan ragi har yaro ya kai shekara 2. Wuri ɗaya ne ba a yinsa, wato allurar rigakafi. Ita da ranar haihuwa ake lissafa ta, kada a jinkirta masa don an ce bakwaini ne.

Sai nauyi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro namiji kan zo da kilo 3.3, ya kai 4.5 a wata 1, 5.6 a wata 2, 6.4 a wata 3, 7.0 a wata 4, 7.5 a wata 5, 7.9 a wata 6. Ki lura da yadda ƙarin ke raguwa: sama da kilo guda a kowanne daga watanni biyun farko, amma daga wata 5 zuwa 6 giram 400 kacal. Iyaye mata da yawa kan zo a rikice a wata na 4 ko na 5, wai yaro ya daina ƙiba, nono ya daina isarsa, alhali haka tsarin yake. A katin awo akwai layin ƙasa, wanda idan yaro ya faɗo ƙarƙashinsa muke cewa nauyinsa ya gaza. Ga namiji ɗan wata 4 layin yana kan kilo 5.6, ga ɗan wata 3 yana kan 5.0. Kin ga inda gyaran lissafi ya yi rana. A ɗiga 5.4 ɗinsa a wata 4, ya faɗo ƙasan layi, a hana ki barci. A ɗiga shi a wata 3 inda ya dace, yana saman layi. Sannan dubi tafiyar da ya yi: daga 2.3 zuwa 5.4, kilo 3.1 ke nan cikin kwana 120 ko kusa da haka, wajen giram 25 kullum. Ya ninka nauyin haihuwarsa har da ɗoriya. Yaron da nono bai ishe shi ba ba ya yin haka.

Awo guda ba ya faɗa mana abu mai yawa. Idan aka miƙo min kati, inda ɗigon ya dosa nake dubawa: yana hawa kusa da layin da ya saba bi, ko ya kwanta, ko ya fara gangarowa? Ƙaramin yaro mai hawa a layinsa ya fi kwantar min da hankali a kan ƙato wanda wata biyu ke nan bai ƙara komai ba. Gangarowar da ba ta da laifi ita ce ta kwanakin farko, lokacin da jariri kan rage har kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, ya dawo da shi cikin kwana 10 zuwa 14. Tsakanin awo da awo kuwa, nafkin ɗinsa ne shaidarki. In yana jiƙa 6 ko fiye a yini da dare, yana kama nono da ƙarfi har kina jin haɗiyarsa, ya saki da kansa jikinsa a sake, to yana ƙoshi. Nono zalla ya wadatar har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata, kada ƙibar 'yar ƙanwarki ta sa ki fara ɗura masa wani abu. Abin da ya dace ki tambayi likitansa shi ne maganin ƙarin jini na ɗigawa. Ajiyar sinadarin ayon, wanda ke gina jini, a watannin ƙarshe na ciki jariri yake tara ta, shi kuwa bakwaini bai gama tarawa ba ya fito.

Wannan ma'auni da na kawo miki a 2006 aka fitar da shi, bayan an bi yara wajen 8,500 a ƙasashe shida tsakanin 1997 da 2003: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An zaɓi yara masu shan nono, waɗanda iyayensu mata ba sa shan taba, gidajensu kuma ba a fama da yunwa. Abin da ya fito shi ne, idan an samu abinci da kulawa, ɗan Akara ta Gana da ɗan Osilo ta Norwe kusan tsayi ɗaya suke yi a ƙuruciya. Ina faɗin haka ne saboda a kan ce ai katin na Turawa ne. Tsohon katin ne aka gina kan yaran Amurka, akasarinsu masu shan madarar gwangwani.

Ki tabbata ana auna kewayen kansa, don shi aka fi mantawa da shi. Jariri kan zo da wajen santimita 34 zuwa 35, ya riƙa ƙara kimanin 2 duk wata a watanni ukun farko, sannan 1 duk wata har zuwa wata 6. Ƙwaƙwalwa ce ke tura shi, domin a shekarar farko takan ninka girmanta. Shi ya sa ƙasusuwan kai ba su haɗe ba, aka bar maɗiga. Ƙaramar ta baya kan rufe a wata 2 zuwa 3, babbar ta gaba yawanci tsakanin wata 12 da 18. Ganin tana bugawa ba komai ba ne, taɓa ta ma ba ya cutarwa. Idan ta lotsa sosai a yaro mai amai ko gudawa, ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. Idan ta kumbura ta yi tauri alhali kina riƙe da shi a tsaye ba kuka yake ba, asibiti nan take. A duka biyun matsalar a ciki take, shafa mata wani abu ba ya magani.

To ga juyawar da ta dame ki. Ƙarfin jiki daga sama yake gangarowa: wuya, sai kafaɗu da ƙirji, sai baya da ƙugu, ƙafafu a ƙarshe. Yaro ba zai mirgina da niyya ba sai ya iya ɗaga kai da ƙirji ya dogara a gwiwar hannu. Akwai kuma motsin da aka haife shi da su, waɗanda ba da saninsa yake yi ba, dole su ja baya kafin na niyya su samu wuri. Kin san yadda yake zabura idan ƙofa ta buga, ya watsa hannaye, ya buɗe yatsu, sannan ya rungumo iska. Kin san yadda yake damƙe yatsanki idan kin sa a tafinsa. Akwai wani da ba a cika lura da shi ba: yana rigingine, kansa ya juya dama, sai hannun dama ya miƙe na hagu ya lanƙwashe. Wannan miƙaƙƙen hannu shi kansa tokare shi yake, ya hana shi birkicewa. Duk waɗannan kan dushe tsakanin wata 4 zuwa 6.

A 2022 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar suka sabunta jerin matakan girma, suka ajiye kowane abu a watan da aƙalla yara 75 cikin 100 ke iya shi. A jerin, ɗan wata 2 yana ɗaga kai idan an kifa shi. Ɗan wata 4 yana riƙe kansa cak ba tallafi, yana dogarawa a gwiwar hannu, yana kai hannu baki, yana riƙe abin wasa idan an sa masa. Juyawa daga ruf da ciki zuwa rigingine sai a wata 6 aka sa ta. Ko da ɗanki cikakken ɗan wata 4 ne, ba a fara binsa bashin juyawa ba. Wuyan ne abin dubawa yanzu, kuma ga yadda muke gwada shi. Ki kwantar da shi rigingine, yana farke ba ya jin yunwa, ki kama hannayensa biyu ki jawo shi sannu a hankali kamar za ki zaunar da shi. Sabon jariri kansa kan koma baya gaba ɗaya. Ɗan wata 3 kan ɗan yi jinkiri sannan kan ya biyo. Zuwa wata 4 ko 5 kai da gangar jiki tare suke tasowa, har ki ga ya sunkuyar da haɓa yana taya ki. Idan kin ga kan ya saki, ki tsaya nan, kada ki ƙarasa.

Abin da ke ƙarfafa wuya da kafaɗu shi ne kifa yaro yana farke, kina kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2019 ta ce aƙalla minti 30 a yini ga jaririn da bai fara motsawa daga wuri ba, a rarrabe, ba a zama ɗaya ba. Da yawansu ba sa so da farko, sai ya dasa hanci a shimfiɗa ya kama ƙorafi, uwa ta ji tausayi ta ɗauke, shi ke nan an bar abin. Kada ki bari. Ki fara da ƙirjinki: ki kishingiɗa ki kifa shi a kanki, fuskarki ce za ta sa ya ɗago. Daga nan a shimfiɗa mai ɗan tauri, minti biyu ko uku, ki naɗe ƙaramin tawul ki sa masa a ƙarƙashin hammata, ki jawo gwiwoyin hannunsa su dawo ƙasan kafaɗu, ke ma ki kwanta ki yi daidai da idonsa. Ba bayan ya sha nono ba, sai ya yi tumbuɗi. Cikin mako biyu ko uku za ki ga bambanci.

Barci kuwa rigingine, dare da rana, a shimfiɗa mai tauri, babu matashin kai, babu tarin bargo. Bayan da aka fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a Amurka a 1994, mutuwar fuju'ar da ke ɗaukar jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi, kuma bakwaini na cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari. Idan tsoronki ƙeyarsa ta baje, kifawar rana ce maganin, da sauya gefen da kansa ke kallo. Ranar da kika ga ya fara yunƙurin juyawa, ki daina naɗe shi da hannayensa a ciki.

Game da abin da ke tafe, akwai binciken da nake so kowace uwa ta sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 masu lafiya a ƙasashe biyar tana rubuta ranar da kowanne ya kai kowane mataki. Zama ba jingina ya kama daga wata 3.8 zuwa 9.2. Rarrafe daga 5.2 zuwa 13.5. Tafiya ba riƙo daga 8.2 zuwa 17.6. Dukkansu lafiyayyu ne, amma tsakanin na farko da na ƙarshe a tafiya akwai fiye da wata 9. Wajen yara 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafen gwiwa ba sam, wasu jan gindi suka yi, wasu miƙewa kawai suka yi. Wanda ya riga zama ba lallai ya riga magana ba, balle a ce ya fi basira. Kuma ba a gaggauta waɗannan matakai da kayan saye. Keken koyon tafiya ba ya koyar da tafiya, faɗuwa da ƙonewa yake jawowa, har Kanada ta haramta sayar da shi a 2004.

Abin da ya fi faranta min rai a tambayarki shi ne jimlar da kika wuce da sauri: yana murmushi, yana bin ku da ido. Iyaye sun fi ƙirga abin da jiki ke yi don shi ake iya nuna wa baƙi, amma murmushin da yaro ke mayarwa idan an yi masa magana, wanda kan fara a mako 6 zuwa 8, yana gaya mana abubuwa da dama a lokaci ɗaya. Ya gani, ya gane fuska ce, ya ji daɗi, ya mayar da martani. Sabon jariri abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30 ya fi gani, kusan nisan fuskarki da shi lokacin shayarwa. Zuwa wata 3 yana bin abu daga wannan gefe zuwa wancan, kuma a nan ne yake gano hannayensa. Za ki same shi ya ɗaga hannu ɗaya yana juya shi, ya ƙura masa ido ya haɗe gira, sannan ya nufi baki da shi ya bugi hanci. Wannan ne tushen miƙa hannu ya ɗauki abu a wata 5 ko 6. Idanu su harɗe jefi-jefi a watanni ukun farko ba komai. Harara-garken da ba ya gushewa, ko wanda ya wuce wata 4, sai likitan ido. Haka nan idan kika ga fari a tsakiyar baƙin ido, ko a hoton da aka ɗauka da fitila ido ɗaya ya fito fari, wannan ba a kwana da shi.

Ji ya fi wuyar ganewa, kuma a nan aka fi makara. Jariri tun yana ciki yake ji. Tun a 1980 aka nuna cewa 'yan kwana uku sun fi son muryar uwarsu a kan ta wata mace. Ɗan wata 3 yakan yi tsit idan ya ji muryarki, ya fitar da 'yan sautuka, "aaa", "uuu". A wata 4 yana juyowa wajen murya, yana 'yar dariya. Gwarancin "bababa" da "mamama" sai tsakanin wata 6 zuwa 9. Inda ake ruɗuwa shi ne, yaron da ba ya ji shi ma yana murmushi, yana dariya, yana "aaa" ɗinsa a watannin farko. Idan aka tafa a gabansa zai ƙifta ido don ya gani ko iskar ta taɓa shi, sai a ce ai yana ji. Ba a farga sai an shekara biyu ba magana. Shi ya sa ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da dama ita ce a gwada jin jariri da na'ura kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Gwajin ba ya ciwo, yana barci ma ake yi. Idan ɗanki ya kwanta a sashen jarirai, ko ya yi shawara mai tsanani, ko an yi masa alluran kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki, kuma ba a gwada kunnensa ba, ki nema.

Ki riƙa yi masa magana, amma ki riƙa ba shi fili ya amsa. Ya ce "uuu", ki dube shi ki mayar masa, ki yi shiru, za ki ga ya motsa baki da ƙafafu ya sake fitar da wani. A shekarun 1970 wani masani, Edward Tronick, ya sa iyaye mata su yi wasa da jariransu, sannan su ɗaure fuska na ɗan lokaci, ba murmushi ba magana. Jaririn sai ya yi murmushi don ya dawo da ita, ya yi sauti, ya wutsila hannu, idan abin ya ƙi sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Tun yana 'yan watanni ya san ana amsa masa, kuma yana jira. Allon waya da talabijin ba sa amsawa, shi ya sa ba a so a ba yaro su kafin shekara 1. Ke ma abin ya shafe ki: idan kin ji kwanaki suna wucewa ba kya jin daɗin komai, kuka ba dalili, ko kina jin yaron ya yi miki nisa a zuciya, ki faɗa wa likita. Ciwo ne da ke samun masu jego da yawa, kuma yana da magani.

Kukan yamma sananne ne. Kukan jarirai kan ƙaru daga mako na 2, ya kai ƙololuwa wajen mako na 6, ya fara sauka a wata 3 zuwa 4, kuma ga bakwaini da gyararren lissafi abin yake tafiya, don haka kina dab da samun sauƙi. Wasu sukan yi fiye da awa 3 a yini, fiye da kwana 3 a mako, su ja ƙafafu su yi jajir, amma suna shan nono, suna girma, da safe kamar ba su ba. Riƙewa a jiki, tafiya da shi a hankali, rage haske da hayaniya, su ne ke taimakawa. Magungunan da ake sayarwa don wannan kuka ba su da wani tasirin kirki. Idan ranki ya kai maƙura, ki ajiye shi rigingine a wuri mai aminci ki fita ki sha iska na 'yan mintuna. Kada ke ko wani ya girgiza shi, ko kaɗan. Kansa babba ne, wuyansa ba ƙwari, girgiza ta 'yan daƙiƙu na iya zubar da jini a ƙwaƙwalwa.

Dalalar miyau a wata 3 zuwa 4 yawanci ba haƙori ba ne, miyau ne ya ƙaru shi kuma bai ƙware wajen haɗiyewa ba. Haƙorin farko ya fi fitowa wajen wata 6, wasu sai sun kusa shekara. Kuma haƙori ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa. Lokacin fitowarsa ne ya yi daidai da lokacin da garkuwar da ya samo daga jikinki ke raguwa, shi kuma yana kai komai baki. Yara da yawa sun galabaita a gida ana cewa haƙori ne.

Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma a yawancin abin da kika tambaya haka ne. Amma akwai wuraren da jira ke cutarwa. Da gyararren lissafi: wata 3 ba murmushi ko ba ya bin fuska da ido, wata 4 kai yana reto, ko hannaye kullum a dunƙule da babban yatsa a ciki, wata 6 ba ya miƙa hannu ga abu, ba ya dariya, wata 9 ba ya zama. Haka nan jikin da ya yi laƙwas har yana neman zamewa daga hannunki idan kin ɗaga shi ta hammata, ko wanda ya sandare, ƙafafu suna harɗewa, yana banƙarewa, saka masa nafkin ma da ƙyar. Yaron da ke aiki da hannu ɗaya kawai kafin shekara 1 ba bahago ba ne tukuna, a duba ɗaya hannun. Mafi girma duka shi ne yaro ya rasa abin da ya riga ya iya: yana murmushi ya daina, yana gwaranci ya yi shiru. Ɗaya daga cikin waɗannan bai tabbatar da ciwo ba, amma ya isa dalilin ganin likitan yara, domin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi da na'urar ji sun fi aiki idan an fara da wuri.

Na gaggawa kuma, waɗanda ba a jiran wayewar gari: zafin jiki digiri 38 ko fiye a jaririn da bai kai wata 3 ba (naki ki ɗauke shi a wannan sahu), jiki ya yi sanyi ƙalau, ƙin kama nono, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, amai kore, numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa idan ya ja numfashi. Ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ne ma'aunin. Shawarar da ta wuce mako 2 zuwa 3, musamman idan kashi ya koma fari-fari fitsari ya yi duhu, ita ma a kai shi a cikin kwanakin, don tana iya zama toshewar hanyar matsarmama, wadda tiyatarta ke da ƙayyadadden lokaci.

Ranar awo mai zuwa ki roƙi ma'aikaciyar ta rubuta "mako 35" a saman katinsa, ta ɗiga nauyinsa da tsayinsa da kewayen kansa a gyararren wata. Nan da mako 5 zai cika wata 4 na haƙiƙa. A lokacin ki sake gwada jawo shi zaune, ki kuma kifa shi ki gani ko ya dogara a gwiwar hannu ƙirji a sama. Idan kan yana reto har lokacin, ko ɗigon nauyin ya kwanta, ki nemi a haɗa ki da likitan yara a makon, ki tafi da katin da ɗan bidiyon yadda yake motsi a gida.